Fasaha, Ƙwaƙwalwa da Lafiyar Jiki: Tambayoyi da Amsoshi

A watan Nuwamba na 2019 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya mai kula da nahiyar Turai ya fitar da wani rahoto a kan dangantakar fasaha da lafiya, wanda Daisy Fancourt da Saoirse Finn suka tattara daga rubuce-rubucen bincike sama da 900. Tun daga lokacin maganar ta bazu, kuma kamar yadda aka saba, wani ɓangare nata yana da tushe mai ƙarfi, wani kuwa an zuba masa gishiri fiye da kima. Manufar waɗannan amsoshi ita ce a tantance tsakanin aya da tsakuwa.

Me ake nufi da fasaha idan ana wannan magana?

Ba kiɗa da waƙa kaɗai ake nufi ba, ko da yake su ne aka fi yin bincike a kansu. Masu nazari suna haɗawa da rawa, wasan kwaikwayo, zane, sassaƙa, saƙa, ɗinki, rubutun waƙa da ƙagaggen labari, karatu don nishaɗi, har da ziyartar gidan tarihi. Idan aka auna da ma'aunin gida, mai ɗinkin hula da ke zaune a gindin darbejiya yana ƙirga zare, da mai zayyanar allo don saukar Alƙur'ani, da marini a Ƙofar Mata, da magini mai fitar da dagi a bangon zaure, da tsohuwa mai yi wa jikoki tatsuniya bayan lisha, duk sun shiga ciki. Masu bincike sukan kasa abin gida biyu, wato yi da kai, da kuma kallo ko sauraro. Kowanne yana da nasa amfani, amma yi da kai ya fi sa ƙwaƙwalwa aiki, domin ido da kunne da hannu da tunani duk sai sun tafi tare.

Me ke faruwa a ƙwaƙwalwa sa'ad da mutum ya ji sauti mai daɗi har tsikar jikinsa ta tashi?

Tashin tsika, wanda kowa ya san shi a jikinsa, shi ne ƙofar da masana suka bi suka shiga wannan fage. A 2001 Anne Blood da Robert Zatorre na Jami'ar McGill da ke Montreal a Kanada suka sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, kowa da kiɗan da ya zaɓa da kansa, wanda ya san yana tayar masa da tsika. Sassan da suka motsa su ne dai waɗanda aka san suna motsawa idan mutum ya sami wani abin jin daɗi na jiki, kamar abinci ga mai jin yunwa. A 2011 Valorie Salimpoor tare da Zatorre suka ƙara gaba, suka nuna cewa ƙwaƙwalwa tana sakin sinadarin dofamin, mai alaƙa da jin daɗi, a wannan lokaci, kuma kashi biyu take sakinsa: wani sashe yana saki daƙiƙu kaɗan kafin kiɗan ya kai wurin da mai sauraro ke jira, wani sashen kuma yana saki a daidai lokacin da aka kai.

Ma'anar wannan ita ce rabin daɗin sauti jira ne. Ƙwaƙwalwa kullum tana cikin kintacen abin da zai biyo baya, kuma gwanin fasaha shi ne wanda ya iya wasa da wannan kintace. Duk wanda ya taɓa zama a wurin da ake rera rubutacciyar waƙa ya ga haka da idonsa. Mai waƙa zai ja baiti har ya zo gab da amsa-amo, sai ya ɗan dakata, kafin ya buɗe baki masu sauraro sun riga shi faɗin kalmar ƙarshe, wani na girgiza kai, wani na ɗaga yatsa. Wannan ɗan tsaikon da bai kai daƙiƙa biyu ba, a cikinsa yawancin daɗin yake.

Binciken 2011 mutane takwas kacal aka yi da su, saboda haka shi kaɗai bai isa hujja ba. Sai dai a 2019 wasu masana a Barcelona ta ƙasar Sifen suka gwada abin ta wata hanya da mutane 27. Da suka ba su maganin da ke ƙara dofamin, jin daɗin kiɗa ya ƙaru, da suka ba su wanda ke toshe shi kuwa, jin daɗin ya ragu. Ta ɓangaren ido ma, Semir Zeki da Tomohiro Ishizu a Landan sun nuna a 2011 cewa wani yanki da ke gaban ƙwaƙwalwa, saman kwarmin idanu, yana motsawa idan mutum ya ce abu ya yi masa kyau, ko zane ne ya gani ko kiɗa ya ji.

Gaskiya ne masu fasaha da ɓarin dama na ƙwaƙwalwa suke aiki, masu lissafi kuma da na hagu?

Ba gaskiya ba ne. Asalin maganar binciken Roger Sperry ne, wanda ya sami kyautar Nobel a 1981, a kan majinyatan da aka raba musu gadar da ke haɗa ɓarin ƙwaƙwalwa biyu saboda farfaɗiya mai tsanani. Tabbas wasu ayyuka sun fi karkata gefe guda, misali magana ta fi zama a hagu ga yawancin mutane. Amma a 2013 masana a Jami'ar Utah ta Amurka sun duba hotunan ƙwaƙwalwar mutane sama da 1,000, ba su sami wasu da za a kira 'yan dama ko 'yan hagu ba. Mai zana aska takwas a babbar riga yana lissafi, mai lissafi kuma yana ƙirƙira.

Ta yaya mai shanyewar ɓarin jiki zai kasa magana amma ya iya rera waƙa ko karanta abin da ya haddace?

Wannan abu yakan ruɗa iyali ƙwarai. Dattijo ne a kwance, hawan jini ya kayar da shi, hannun dama da ƙafar dama sun saki, ana tambayarsa ko zai sha ruwa amma kalmar ta ƙi fitowa, sai laɓɓa ke motsi. Can jikansa ya fara karanta wata gajeriyar sura a gefen gado, sai a ji dattijon ya kama, ya bi shi tiryan-tiryan har ƙarshe. Wasu sukan ɗauka da gangan yake ƙin magana, har su yi masa faɗa. Ba da gangan ba ne. Ga fiye da kashi 90 cikin 100 na masu amfani da hannun dama, cibiyoyin harhaɗa magana a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa suke, kuma ɓarin hagu shi ke sarrafa gefen dama na jiki, shi ya sa shanyewar dama ta fi zuwa da ɗaukewar magana. Abin da aka haddace da kari aka maimaita shekara da shekaru kuwa, da waƙa, suna bin wasu hanyoyi da suka bazu a ɓarin biyu, saboda haka sukan tsira. Tun a ƙarni na 18 aka rubuta labarin wani mutum a ƙasar Suwidin wanda kalma ɗaya tak ta rage masa, amma yana rera waƙoƙin coci da ya sani.

A 1973 Martin Albert da Robert Sparks da Nancy Helm a birnin Boston suka mayar da wannan hanyar jinya. Mai koyarwa zai ɗauki gajeriyar magana ta yau da kullum, kamar neman ruwa ko gaisuwa, ya rera ta da sauti biyu, na sama da na ƙasa, yana buga hannun hagu na majinyaci a kan kowace gaɓar kalma, su rera tare, sannan a hankali ya janye muryarsa, daga baya a janye waƙar a bar magana zalla. Sanannen misali shi ne na Gabrielle Giffords, 'yar majalisar wakilan Amurka da aka harba a ka a watan Janairu na 2011 a Tucson, harsashin ya ratsa ɓarin hagu, kuma waƙa tana cikin hanyoyin da aka bi wajen dawo mata da magana. Gwaje-gwajen da aka yi a kan wannan hanya ƙanana ne, kuma sun fi nuna cewa majinyaci yana ƙwarewa a jimlolin da aka koya masa fiye da hira gaba ɗaya. Duk da haka, ga wanda ya yi wata uku bai iya kiran sunan matarsa ba, jimla goma ba ƙaramin abu ba ne.

Sauraro ma kaɗai yana da nasa rabo. A 2008 Teppo Särkämö da abokan aikinsa a Helsinki ta ƙasar Finlan suka raba majinyata 60 gida uku ta hanyar ƙuri'a: masu sauraron kiɗan da suke so aƙalla awa guda kullum har wata biyu, masu sauraron littafin da aka karanta a faifai, da waɗanda aka bari da jinyar da aka saba. Bayan wata uku, ƙarfin tuna kalmomi ya ƙaru da kashi 60 cikin 100 ga masu kiɗa, kashi 18 ga masu littafi, kashi 29 ga rukuni na uku, kuma masu kiɗa sun fi sauran samun sauƙin baƙin ciki da ruɗewa.

Mene ne haɗin kiɗa da tafiyar masu cutar Parkinson?

Cutar Parkinson, mai sa karkarwa da sandarewa da jan ƙafa, tana faruwa ne idan ƙwayoyin da ke samar da dofamin a can cikin ƙwaƙwalwa suka mutu. Wannan yanki shi ne kamar agogon da ke tsara wa jiki lokacin ɗaga ƙafa da ajiye ta, kuma idan ya lalace mutum yakan tsaya cak a bakin ƙofa kamar an dasa shi. Kunne yana da hanya ta kai tsaye zuwa sassan da ke sarrafa motsi, saboda haka bugu mai tsari daga waje yana iya maye gurbin agogon ciki. A 1996 Michael Thaut da abokansa a jihar Colorado suka sa majinyata atisayen tafiya da kiɗa a gida na mako uku, saurin tafiyarsu ya ƙaru da kimanin kashi 25 cikin 100. A 2001 aka fara azuzuwan rawa na musamman don masu wannan cuta a Brooklyn ta New York, kuma yanzu sun bazu a ƙasashe da yawa.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Mata uku a kan turmi ɗaya suna lugude ba tare da taɓarya ta bugi taɓarya ba, da manoma a gayya suna sara da fartanya a kan bugun gangar noma, duk wannan ɗabi'a ce ta jiki ta kama kari daga waje ya bi. Kiɗa ba ya warkar da cutar kuma ba ya tsayar da ita, taimakonsa a kan tafiya da daidaiton tsayuwa ne, tare da maganin asibiti.

Tsofaffi masu cutar mantuwa fa?

A nan ne karin maganar nan ta da tsohuwar zuma ake magani ta dace. Tsohuwar da ba ta gane 'yarta ta cikinta takan rera waƙar gaɗa da ta yi a dandali tana 'yar shekara goma sha biyu, ba ta tsallake ko baiti ɗaya ba. Wani bincike na 2015 ya nuna cewa yankunan da ke riƙe tsohuwar waƙa suna cikin waɗanda cutar Alzheimer, ɗaya daga cututtukan mantuwa, ke jinkirin lalatawa. Sai dai kada a ɗauka cewa waƙa tana dawo da tunani. A 2018 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace gwaje-gwajen likitanci, ta auna gwaji 22 da aka yi da mutane kusan 1,100, ta ga cewa jinya da kiɗa tana rage baƙin ciki da wasu matsalolin ɗabi'a, amma tasirinta a kan tunani da mantuwar kanta kaɗan ne ko babu. A ganina wannan bai rage mata daraja ba, domin wanda ya yi jinyar irin wannan tsoho ya san abin da minti ashirin na natsuwa da murmushi yake nufi, ga majinyacin da mai jinyar baki ɗaya.

Ta fuskar rigakafi, Joe Verghese da abokansa a New York sun bi tsofaffi 469 'yan sama da shekara 75, suka wallafa a 2003 cewa masu karatu, masu wasannin allo irin su dara, masu kaɗa kayan kiɗa da masu rawa ba su faye kamuwa da cutar ba kamar sauran. A cikin duk nau'o'in motsa jiki da aka duba, rawa ce kaɗai ta nuna wannan alaƙa.

Idan aka kunna wa jariri kiɗa, zai fi basira?

Babu hujjar haka. A 1993 Frances Rauscher da abokanta a California suka sa ɗaliban jami'a 36 sauraron kiɗan Mozart, shahararren mai tsara kiɗa na Turai, na minti goma, suka ɗan fi ƙoƙari a wani gwajin siffofi, kuma tasirin ya gushe cikin kwata na awa. Babu jariri ko ɗaya a binciken. Amma labari ya yi fiffike, har a 1998 gwamnan jihar Jojiya ta Amurka ya nemi a ware dala 105,000 don raba wa jarirai faifan kiɗa. A 2010 masana a Jami'ar Vienna suka tattara gwaje-gwaje kusan 40, suka ga babu wani sirri na musamman a kiɗan, abin da ke faruwa kawai shi ne duk abin da ya wartsake mutum yana ɗan kaifafa shi na ɗan lokaci.

Koyon kiɗa da hannu wani abu ne daban. A 1995 Gottfried Schlaug a Jamus ya gano cewa gadar da ke haɗa ɓarin ƙwaƙwalwa biyu ta fi kauri ga makaɗan da suka fara koyo kafin shekara bakwai. A 2004 Glenn Schellenberg a Toronto ya raba yara 144 'yan shekara shida ta ƙuri'a, waɗanda aka koya wa kiɗa ko waƙa suka ɗara sauran da maki kusan uku a gwajin basira, waɗanda aka koya wa wasan kwaikwayo kuma suka fi kowa gyaruwa wajen zama da mutane. Wani babban nazari na 2020 ya nuna cewa idan aka tsaurara ma'auni, ribar da ake cewa kiɗa yana kawo wa lissafi da karatu kusan ɓacewa take yi. Wato yaron da ya koyi gurmi, gurmi zai iya, tare da haƙuri da kunne mai kyau, kuma wannan ya isa dalili. Ga jariri kuwa, muryar uwa a waƙar reno, tare da goyo da jijjigawa da kallon ido, ta fi duk wani faifai.

Kiɗa yana rage zafin ciwo?

Yana ragewa, kuma nan na cikin wuraren da hujja ta fi ƙarfi. A 2015 mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa nazarin Jenny Hole da abokanta a Landan, waɗanda suka haɗa gwaji 73 da majinyata kusan 7,000 da aka yi wa tiyata. Waɗanda suka saurari kiɗa kafin aiki ko lokacinsa ko bayansa sun faɗi ƙarancin zafi da fargaba, sun kuma nemi maganin kashe zafi ƙasa da sauran, ko da yake kwanakin da suka yi a asibiti ba su ragu ba. Zafi ba a rauni kaɗai yake ba, ƙwaƙwalwa ce ke auna shi, kuma tsoro yana ƙara masa nauyi, ɗauke hankali yana rage masa.

Wane taimako fasaha ke yi wa mai ciwon damuwa?

Misali uku sun isa. Na farko na masu jego ne. A 2018 Fancourt da Rosie Perkins suka yi gwaji a Landan da mata 134 masu alamun ciwon damuwa bayan haihuwa. Wasu suka shiga taron rera waƙa da jariransu na mako goma, wasu taron wasa, wasu kuma aka bar su da kulawar da aka saba. Idan aka haɗa su duka bambancin bai fito fili ba, amma a cikin waɗanda ciwon ya fi kamawa, masu waƙa sun fi saurin samun sauƙi.

Na biyu rubutu ne. A 1986 James Pennebaker a Texas ya sa ɗalibai su rubuta abin da ya fi ƙona musu rai a rayuwa, minti 15 kullum har kwana huɗu, wasu kuma su rubuta abin da ba shi da nauyi. Masu rubuta damuwarsu sun tashi daga teburin ransu a ɓace, amma a watanni shida da suka biyo baya zuwansu asibiti ya yi ƙasa da na sauran. An maimaita gwajin sau da yawa, kuma matsakaicin tasirinsa ƙarami ne. Ga al'ummar da kunya da kara ke hana mutum faɗin abin da ke cinsa, takarda da biro hanya ce mai araha.

Na uku aikin hannu ne. A 2016 Girija Kaimal a Philadelphia ta ba manya 39 kayan zane da yumɓu na minti 45, sinadarin kotizol da jiki ke fitarwa lokacin matsi ya ragu a yawun kusan kashi 75 cikin 100 nasu, gwanaye da 'yan koyo duk ɗaya. Raunin binciken shi ne babu wani rukuni da aka zaunar ba ya komai don a kwatanta. Amma hanyar da abin ke bi a fili take, domin aikin da ke neman ƙirga da maimaitawa, irin saƙar faifai ko ɗinkin hula, yana cike gurbin da tunani mai cin rai yake kewayawa a ciki.

An ce masu zuwa gidan tarihi da wasan kwaikwayo sun fi tsawon rai. Haka ne?

Ga abin da aka gani. A 2019 Fancourt da Andrew Steptoe suka wallafa sakamakon bibiyar mutane 6,710 'yan shekara 50 zuwa sama a Ingila na tsawon shekara 14. Masu zuwa irin waɗannan wurare duk bayan 'yan watanni, mutuwa a cikinsu ta yi ƙasa da kashi 31 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ba sa zuwa sam, masu zuwa sau ɗaya ko biyu a shekara kuma da kashi 14. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Wanda ke iya fita kallon wasa yawanci yana da ƙafa, da kuɗin mota, da abokin tafiya, kuma kowanne daga cikin waɗannan yana da alaƙa da lafiya. Masu binciken sun cire tasirin dukiya da ilimi da rashin lafiya gwargwadon iyawarsu, alaƙar ta ragu amma ba ta ɓace ba. Irin wannan bincike yana nuna abu biyu suna tafiya tare, ba ya tabbatar da wanne ya jawo wanne, kuma haka ya kamata a karanta binciken rawa da mantuwa da aka ambata a baya.

Wannan sabon ilimi ne daga Turai?

Na'urorin awo ne sababbi. Malaman Musulunci irin su Alkindi da Alfarabi da Ibn Sina sun yi rubutu a kan tasirin sauti ga rai da jiki fiye da shekara dubu da suka wuce. A asibitin sarkin Turkawa Bayazid na Biyu da aka kammala a 1488 a Edirne ta Turkiyya, an yi wa masu taɓin hankali jinya da kiɗa da sautin ruwa, kuma matafiyi Evliya Çelebi ya rubuta a ƙarni na 17 cewa makaɗa goma suna zuwa sau uku a mako. A Ingila, wani mai zane, Adrian Hill, wanda ya yi jinyar tarin fuka, shi ya raɗa wa jinya da zane suna a 1942. A Amurka sana'ar jinya da kiɗa ta kafu bayan Yaƙin Duniya na Biyu a asibitocin sojoji, ƙungiyarta ta ƙasa ta tsaya a 1950. Daga Nuwamba na 2018 likitoci a Montreal suka fara rubuta wa majinyata takardar shiga gidan adana zane-zane kyauta, kamar yadda ake rubuta magani.

Ni ba na sauraron kiɗa saboda fahimtata ta addini. Ke nan na yi asara?

Hukuncin kiɗa magana ce ta malamai, sun daɗe da saɓani a kai, kuma ba likita ne zai yanke ta ba. Ta fuskar jiki dai, abubuwan da ke aiki su ne kari, maimaitawa, tsarin numfashi, ma'ana da zama cikin jama'a, kuma ba dole sai da ganga ko molo ake samunsu ba. A 2001 Luciano Bernardi a Italiya ya auna mutane 23 suna karanta addu'o'in carbi na Katolika da wasu kalmomin yoga, numfashinsu ya sauka zuwa kusan shida a minti, bugun zuciya da hawa da saukar jini suka daidaita da shi. A 2013 masana a Gothenburg ta Suwidin suka ga bugun zuciyar masu rera waƙa tare yana hawa da sauka a lokaci guda, saboda tare suke shaƙa tare suke fitarwa. Ibada don Allah ake yin ta, ba don bugun zuciya ba, amma wanda ya saba da tilawa da tajwidi, inda ake auna madda a tsaya a wurin tsayawa, ya san natsuwar da ke sauka a ƙirji. Ga kuma rubutacciyar waƙa da murya zalla, wadda Nana Asma'u ta koyar da mata da ita a ƙarni na 19, ga zayyana, ga saƙa, ga dukanci.

Akwai kuma mutanen da kiɗa ba ya motsa su ko kaɗan alhali kunnensu lafiya lau. Masana a Barcelona sun bayyana su a 2014, suka nuna cewa samun kuɗi a wasa yana faranta musu kamar kowa. Wannan halitta ce, ba cuta ba.

Akwai illa?

Akwai. Ta farko ta kunne ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda ƙara, kuma iyakar da ta shata wa babba ita ce desibel (ma'aunin ƙarar sauti) 80 na awa 40 a mako, idan ƙarar ta kai 90 kuwa awa huɗu kacal. Wanda ya tashi daga gaban lasifikar biki kunnensa na ƙugi ya riga ya wuce iyaka, kuma ƙwayoyin ji na cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Ta biyu, waƙar baƙin ciki tana sanyaya wa wasu rai, amma mai ciwon damuwa da ya kulle ɗaki yana maimaita waƙar rabuwa dare da rana ƙara nutsewa yake yi. Ta uku, sauti ko rubutu yana iya tono abin da ya faru ga wanda ya ga tashin hankali, kamar wanda ya tsira daga hari ko garkuwa, saboda haka irin wannan aiki ya fi kyau a yi shi tare da ƙwararre. Ta huɗu ita ce mafi muni, wato mutum ya ajiye maganin hawan jini ko na farfaɗiya ko na taɓin hankali don an ce masa waƙa magani ce. A yawancin gwaje-gwajen majinyata da aka ambata a nan, ƙari aka yi a kan jinyar asibiti, ba musanya ba.

Ina jinyar mahaifina a gida. Ta ina zan fara?

A fara da tambayar ƙannensa ko tsofaffin abokansa abin da yake so yana saurayi, domin abin da mutum ya ji tsakanin shekara goma zuwa talatin shi ya fi kama shi, ko waƙa ce ko ƙasida ko ƙira'ar wani makaranci. A zaɓi lokacin da ya fi wartsakewa, galibi da hantsi, a kashe talabijin, a rage murya, a zauna inda yake ganin fuskar mai yi masa. Minti 15 zuwa 30 kullum ya fi awa uku a ranar Juma'a kaɗai. Rerawa da baki tare da shi ta fi kunna masa waya a tafi, kuma idan ya kama baiti sai a yi shiru a bar masa kalmar ƙarshe ya cike. Idan hannu ɗaya yana aiki, a ba shi abin da ya saba riƙewa, alƙalami da tawada, ko zare da allura mai faɗin kafa, ba tare da an gyara masa kuskure ba. Idan batun tafiya ne, a fara nuna wa likitan fisiyo, shi zai faɗi saurin bugun da ya dace da kuma yadda za a tare shi kada ya faɗi. Hawaye kaɗan ba laifi ba ne, amma idan ya kau da kai, ko ya fara fizge-fizge, ko numfashinsa ya yi sama, a tsaya nan take, a rubuta abin da ya jawo hakan don a faɗa wa likita ranar komawa asibiti.